Saƙon da Ba a Tura Ba

Shafi na 17

Ku da kuka cika mini waya da “Inna ci gaba, Inna ci gaba,” ku natsu. Ba tatsuniya nike muku ba, ɗana ne. Ku kuma da kuka yaɗa bidiyon dukan Jalaluddeen kuna rubuta “infoma” a ƙasa, wanga shafin ku kai shi duk inda kuka kai wancan. Ni ban yi boko ba. Faɗa nike, Khaulat matar Jalal na rubutawa, kuma na gaya mata in ta tausasa mini kalma ɗaya sai na sa an karanta mini na kama ta.

Mun tsaya inda na fizgo Christiana daga shagonta na cire kuɗi a kasuwar Warra, muka nufi bakin ruwa. A garin nan ita da ɗana kaɗai suka san kan kuɗin wayar nan da ake ce ma kirifto. Muna tafiya, ina tambaya, tana haki.

“Sake faɗa mini. A hankali, awa kina koya ma akuya.”

“Inna Zulai, walat kamar akwati ne a cikin waya. Yana da adireshi, kowa na iya gani. Yana da makulli, mai shi kaɗai ke da shi.”

“Na ji. Ci gaba.”

“Waɗanda suka sace Dudu, ɗiyar Bappa Umaru, ba kira suke ba, saƙo suke turowa. Kin san macuta sun yi yawa, kowa sai ya ce shi ke riƙe da yarinya, a turo mishi fansa. To su, duk saƙonsu sai sun sa mishi hannu da makullin walat ɗin da suka ce a zuba fansar. Wasu haruffa ne masu tsawo a ƙarƙashin saƙon.”

“Ke kuma ki yi mi da su?”

“In haɗa saƙon da adireshin da haruffan a wayata. In mai makullin ne ya sa hannu, ta nuna kore. In wani ne, ja.”

“In na kwashi haruffan jiya na liƙa a maganar yau fa?”

“Ja. Kowace magana da nata sa hannun. Ko harafi ɗaya aka taɓa, ya lalace.”

Na tsaya cak a tsakiyar hanya, har mai baro ya kusa kwashe ni.

“Ashe sai mutum ya ji maganar kafin ya sa mata hannu.”

“Dole.”

“To saurara. In mun shiga, zan faɗi wata magana, in ce ki tura musu daga wayar Bappa. Ki rubuta. Kada ki tura.”

Ta zaro ido.

“Inna, za su kashe mu.”

“Ni sun riga sun fara. Tafi mu je.”

Bari in gaya muku abin da ya hana ni zama in yi kuka awa sauran mata. Jalal gyaran waya yake. Laifinshi ɗaya, Bappa ya kawo mishi saƙon ɓarayin ya duba ko na gaskiya ne. Bai gama dubawa ba sai ga Zaharaddeen, shugaban ’yan sintirin bakin ruwa, da yaranshi. Ya ɗaga wayar Jalal sama a gaban kasuwa, ya ce ga adireshin ɓarayi a ciki, ya wurga ta cikin tafki. Sannan gindin bindiga a baki. Da bakin ya fara, sannan yatsu.

A bakin ruwan nan aka haife ni. Na ga an kama ɓarayin taru, na ga an kama ɓarayin inji. Ɓarawo ƙafa ake dukanshi, a bar mishi baki ya faɗi abokanshi. Wanda ya fara da baki, akwai abin da ba ya so a ji.

Rumfar ’yan sintirin na bayan inda ake ɗaure kwalekwale. An kori mutane can nesa, sun yi cirko-cirko a rana. Tamada, ɗaya daga yaran Zaharaddeen, na ƙofa da bindigar toka.

“Inna, koma gida.”

“Kai Tamada, ni na yi ma uwarka wankan jegonka. Matsa.”

Ya matsa.

Wari na fara ji. Bandar kifi sana’ata ce, na san warin nama a wuta. Wanga kuwa na ɗana ne. Ga kasko cike da garwashi, ga rodi a ciki ya yi ja. Jalal na ɗaure a ginshiƙi, haɓa ta goce gefe, yawu da jini na zuba a ƙirji, yatsu sun kumbura awa rogo. Ya gan ni. Ya so ya ce Inna, bakin ya ƙi.

Ban je gare shi ba. Na san in na taɓa shi, na gama aiki.

Bappa Umaru na zaune a ƙasa, sanda a cinya, adda a gefe, idanu jajur. Zaharaddeen na kan benci cikin rigarshi ta layu, tun daga wuya har ƙugu layu ne, da wata ƙatuwa a ƙirji.

“Ah, uwar infoma ta zo bankwana,” in ji shi. “Yi sauri, tsohuwa. Bayan la’asar za mu kai shi yawo tsakiyar tafki.”

Kowa ya san yawon nan. Mutum uku ke tafiya, biyu su dawo.

Ban ko dube shi ba. Gaban Bappa na durƙusa.

“Bappa, sannu da wanga tashin hankali.”

“Kada ki gaishe ni. Ɗanki ya san inda ɗiyata take.”

“In ya sani, mi ya sa aka fasa bakin da zai gaya maka?”

Bappa ya sunkuyar da kai.

“Ka sayar da shanun?”

“Suna hannun dillali.”

“Wa za ka tura ma kuɗin? Sun ce ɗana ne mai makullin. Wayar ɗana na ƙarƙashin ruwa, kifi na wasa da ita. In gaskiya suka faɗa, za ka zuba garkenka a akwatin da ba mai buɗewa. Ba shanu, ba Dudu.”

Bappa ya ɗago a hankali, ya dubi Christiana.

“Ɗiyar kirki, haka ne?”

“Haka ne, Baba. Abin da ya shiga walat ba ya dawowa.”

Zaharaddeen ya miƙe.

“Bappa, kada ka biye ma tsohuwar banza. Ka tura kawai a sako yarinya.”

“A gwada,” na ce. “A tura musu sabuwar magana, wadda ba a taɓa faɗa ba, a ce su sa mata hannu su maido. In sun maido, Bappa ya san akwai mai rai a bayan akwatin. In shiru, ya riƙe shanunshi.”

“Ko sun amsa, ai ɗan naki na da abokai a daji!” in ji Zaharaddeen.

“To mi zai dame ka?”

Bappa ya buga sanda a ƙasa.

“Wallahi tallahi, in ban ga sabon sa hannu ba, ko gashin wutsiya ba na turawa. A gwada.”

 Bappa ya ciro wayarshi daga jaka ya miƙa ma Christiana.

“Inna, mi zan rubuta?”

“Rubuta: mai wanga walat shege ne, ɗan shegiya, jikan shegu.”

Tamada ya ƙyalƙyale daga ƙofa. Zaharaddeen bai yi dariya ba.

“A’a,” in ji Bappa. “Za su huce a kan ɗiyata.”

“To rubuta: tarwaɗa ta hau giginya da takalmi.”

“Wace irin magana ce wagga?”

“Irin wadda ba mahalukin da zai yi tunaninta, sai wanda ya ji ta.”

Christiana ta rubuta. Ta yi awa ta danna, ta kife wayar a cinya.

“Ya tafi?” in ji Zaharaddeen.

“Yana juyawa, Oga. Ka san sabis ɗin bakin ruwa.”

Kowa ya sani. A nan saƙo kan yi wuni a hanya. Za ka tura ma mutum kana zuwa, ka iso, ku gaisa, ku ci tuwo, sannan saƙon ya shigo.

Na je na zauna a bakin ƙofa, na miƙe ƙafafuna a hanya. Duk mai fita sai ya tsallake ni.

Muka zauna jira. Ƙuda na bin bakin Jalal, ba shi da hannun kora. Zaharaddeen ya zaro rodin daga wuta, ya juya shi, ya dube ni, ya ɗora a kafaɗar ɗana. Haka kawai. Jalal ya yi wani gurnani da ban taɓa ji a bakin ɗan Adam ba.

Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Ban tashi ba. So yake in yi hauka a fitar da ni.

“Ke ba uwa ba ce,” in ji shi.

“Kai ma ba ɗa ba ne. Ci gaba.”

Ya jefa rodin a kasko. Ya zaga rumfar, ya sake zagawa. Sai ya sunkuya ya ɗauki buta.

“Zan kama ruwa. Tamada, kada kowa ya motsa.”

Ya tsallake ƙafafuna ya fita.

Christiana ta dube ni. Na kawar da kai. In ba shi ba ne, in na yi kuskure, ni da kaina na ƙare ma ɗana sauran lokacinshi a zaune.

Ya jima. Ya dawo yana yarfe hannu, ya ajiye buta, ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

“Shiru ko? Tamada, je ka ce a kawo kwalekwale.”

“Ba inda za shi,” na ce. “Ba a yi la’asar ba.”

Can daga cikin gari ladan ya ɗaga murya. Bappa ya rufe ido. Zaharaddeen ya fara kwance igiyar ƙafar Jalal yana fito da baki.

Wayar Bappa ta yi ƙara.

Christiana ta juya ta. 

“Sun maido.”

“Karanta,” in ji Bappa.

“Tarwaɗa ta hau giginya da takalmi. Ga sa hannu a ƙasa.”

“Duba shi.”

Ta kwashe saƙon zuwa tata wayar, ta haɗa da adireshin, ta haɗa da haruffan. Muka zuba ma gilashin ido, har Tamada ya leƙo. Abin ya juya, ya juya.

Kore.

“Alhamdu lillahi,” in ji Bappa. “Suna nan.”

Zaharaddeen ya tafa hannu.

“Kun gani? Na faɗa muku yana da abokai. Bappa, tashi ka je gun dillali. Mu kuma mu gama da wanga.”

Na dafa ƙasa na miƙe.

“Christiana, nuna ma Bappa saƙon da muka tura.”

Ta miƙa mishi wayar.

“Baba, ga shi nan a wurin rubutu. Ban tura ba. Bai fita wayar nan ba.”

Bappa ya dubi wayar, ya dube ta.

“Ban gane ba.”

“Zan ganar da kai,” na ce. “Maganar nan ba ta je daji ba. Ba ta je kasuwa ba. A rumfar nan aka haife ta, kuma mai makullin ya ji ta, ya sa mata hannu. Ni na ji. Kai ka ji. Christiana ta ji, tana gabanka. Tamada ya ji, bai bar ƙofa ba. Ɗana ya ji, ga yatsunshi nan, duba su. Bappa, wa ya fita?”

Idanu duka suka koma kan Zaharaddeen. Garwashi kaɗai ke ƙara.

Zaharaddeen ya yi dariya, amma dariyar ba ta zauna ba.

“Ni? Ni da nike kwana a ruwa ina gadin ku? Ku caje ni! Tamada, zo ka caje ni!”

Tamada ya matso. Ya laluba aljihun wando, ya ciro ƙaramar waya mai maɓallai da goro da ashana. Ya duba hula. Ya duba takalmi.

“Ba komai, Inna.”

“Rigar fa?”

Ya ja da baya.

“Layu ne. Ba a taɓawa.”

Haka ne. A nan ba mai taɓa layar ɗan sintiri. Sun ce in namiji ya taɓa hannunshi ya shanye, in mace ta taɓa asirin ya karye. Ko ’yan sanda sun tsayar da su, aljihu suke dubawa su bar rigar.

“Waccan ta ƙirjin,” na ce, “tun da nike ban taɓa ganin laya mai faɗin tafin hannu ba.”

“Ki taɓa ki gani,” in ji Zaharaddeen. “Ki mutu a tsaye.”

“Na binne miji, na binne ’ya’ya. Mutuwa ta san gidana.”

Na cafki layar da hannu biyu.

Bai jira ba. Ya zabga mini gwiwar hannu a fuska, na ji hancina ya fashe. Ban saki ba. Ya zaro wuƙa ya yanke ni a dantse, na ga farin nama kafin jini ya rufe shi. Christiana na ihu. Ban saki ba. Na ja da dukkan nauyina, ɗinkin ya yage, muka zube tare.

Fatar ta buɗe. Babu aya a ciki, babu saiwa. Waya ce, baƙa, mai gilashi, ta silalo ta tsaya a gaban ƙafar Bappa.

Zaharaddeen ya yi kukan kura zai ɗauka. Sandar Bappa ta riga shi. Kun san yadda makiyayi ke dukan maciji. Sau ɗaya, a wuyan hannun hagu, ƙas! Wuƙar ta yi tsalle.

“Tamada, harbe su!” ya yi ƙara. “Harbe su, na ce!”

Tamada ya ɗaga bindiga. Bakinta ya bi ni, ya bi Bappa. Sai ya sauka a kan ogan nashi.

“Oga,” in ji shi, hawaye na zuba, “ni ka sa na riƙe yaron nan kana karya mishi yatsu.”

Na rarrafa na ɗauki wuƙar, na je na yanke igiyar ɗana. Ya faɗo a jikina. Jinina da nashi suka haɗu.

“Jalal, dube ni. Kai ka buɗe mishi walat ɗin nan?”

Ya gyaɗa kai.

“Da Bappa ya kawo maka saƙon, ka gane adireshin?”

Ya sake gyaɗawa. Hawaye na bin kumatunshi.

Bappa ya saki sanda, ya durƙusa, ya dafa ƙafar ɗana.

“Yaro, har da sandata a jikinka. Ka yafe mini.”

Ni ban yafe ba. Na kwantar da Jalal a jikin Christiana. Akwai filafilin kwalekwale jingine a bango, na itace mai nauyi. Na ɗauka.

Zaharaddeen na durƙushe yana riƙe da karyayyen hannu.

“Inna, tsaya, zan yi bayani, wallahi ba ni kaɗai…”

“Da baki ka fara,” na ce.

Na sauke mishi a haɓa. Na ji ƙashin ya tafi. Haƙora suka watsu a ƙasa awa masara. Na sake ɗagawa, Bappa ya riƙe ni ta baya.

“Zulai! Bakin nan ne ya san inda ɗiyata take!”

Sai a lokacin hankalina ya dawo. Na dubi aikina. Haɓar ta goce, harshe na lilo, jini na kwarara. Daidai da ta ɗana. Ba zan yi muku ƙarya ba, raina ya yi sanyi. Amma bakin nan ba zai sake faɗin ko sunanshi ba.

Baƙar wayar ta fara rawa a ƙasa. Kira ne.

Christiana ta ja ta da ƙafa, ta danna, ta buɗe murya.

“Oga, shiru?” Muryar namiji ce, ana jin iska da kukan tsuntsayen ruwa a bayanshi. “Rana na tafiya. Mu tsallaka da ita ko mu jira?”

Na ɗora yatsa a baki. Amma can a bayan muryar wata yarinya ta yi tari, Bappa ya kasa.

“Dudu! Dudu, ɗiyata!”

 Muryar ta dawo, a sanyaye.

“Ba Oga ba ne. Ko wane ne kai, gaya mishi, ba ruwanmu da murya. In ban ga saƙo da sa hannunshi ba kafin magariba, ya san abin da ya ce mu yi da ita.”

Kit.

Bappa ya kama rigar Christiana.

“Ki rubuta musu! Ki ce su sake ta! Ki sa hannun!”

“Makullin na cikin wayar nan, Baba, zan iya. Amma a kulle take.” Ta juya ta, ta danna gefe. “Ba lamba take so ba. Babban yatsanshi take so. Na dama.”

Muka juya gaba ɗaya.

Zaharaddeen ba ya inda na bar shi. Muna kan waya, ya ja jiki da gwiwa har gaban kaskon. Ya dube mu da wancan fasasshen bakin, wallahi murmushi yake. Ya ɗaga hannun dama, ya miƙar da babban yatsa, ya nufi tsakiyar garwashin da shi.

Tamada na ƙofa. Bappa na bayana. Ni ce kusa.

Addar Bappa na ƙasa, a gefen ƙafata.

Na ɗauka.